Yadda za ka gane kalmomin Turanci masu farawa da in-, im-, il- da ir-

Mazaunin Makka ko Jidda, ko da Hausa yake yi a gida, Larabci a kasuwa, Turanci na biye da shi: a fuskar sarraf, wato na'urar cire kuɗi, a kwalin magani, a takardar asibiti, a saƙon da banki ke turowa waya. Kalmomi da dama a waɗannan wurare da in- suke farawa, irin su invalid, insufficient, insert da injection. Masana nahawu suna kiran gutsuren da ake liƙawa a gaban kalma ɗafa-goshi, kamar ma- ɗinmu na Hausa, wanda shi ma ba aiki ɗaya gare shi ba: masallaci wuri ne, manomi mutum ne, mabuɗi kuwa kayan aiki.

In- aiki biyu yake yi, kuma duk ruɗanin daga nan yake tasowa. Wani lokaci korewa ne, daidai da gairu na Larabci: complete cikakke, incomplete wanda bai cika ba. Wani lokaci kuma ma'anarsa ciki, wato shiga ko shigarwa: insert card, sa katinka a cikin na'ura.

Da ka ci karo da irin wannan kalma, rufe haruffa biyun farko da babban yatsa ka dubi abin da ya saura. In ya zama sifa ce da ke iya tsayawa da ƙafarta, galibi korewa ce. Rufe in- a incorrect, sai ka ga correct, daidai. Ke nan lambar sirrin da ka danna ba daidai ba ce. Insufficient funds, kuɗin da ke asusun bai isa ba. Inactive, asusun ya daina aiki. Invalid a kan lambar iƙama, wato katin izinin zama, ko fasfo na nufin na'urar ba ta amince da ita ba, ko dai an yi kuskuren lamba ko takardar ta daina aiki. In kuwa abin da ya saura ba kalma ba ce da kanta, kamar -ject ko -clude, ko kuma kalmar gaba ɗayanta aikatau ce, to ka karkata wajen ciki. Inject tura ruwan magani cikin jiki, inhale shaƙa, daga nan aka samu inhaler na masu asma, include haɗawa a ciki. Income shi ne abin da ke shigo maka na kuɗi.

Sauran siffofin uku ba wasu baƙi ba ne, in- ɗin ne ya canza saboda harafin da ke bin sa. Duk wanda ya yi tajwidi ya riga ya san wannan. Nunu mai sukuni in ta haɗu da ba sai ta koma mimi, min ba'di a karanta mim ba'di, shi ne iƙlabi. In ta haɗu da lam ko ra sai ta narke a cikinsu, min rabbihim ya zama mir rabbihim. Haka Latin ya yi, Turanci kuma ya gada, sai dai shi har a rubuce yake nunawa. Gaban b, m da p ana rubuta im-: imbalance, immature, impossible. Gaban l ana rubuta il-: illegal, abin da ya saɓa doka, illegible, rubutun da ba ya karantuwa. Gaban r kuma ir-: irregular heartbeat, bugun zuciya marar tsari. Wannan ne ya sa ake ninka harafi a illegal da irregular, ɗaya na ɗafa-goshi, ɗaya na saiwar kalma, kuma a nan ɗalibai kan zubar da maki a rubutu. Im- ma yana ɗaukar ma'anar ciki: import shigo da kaya, immigration shigowa wata ƙasa don zama.

Akwai kalmomin da dabarar yatsa ke yaudarar mutum a kansu, waɗannan haddace su ake yi. Mafi haɗari ita ce inflammable. Mutum zai rufe in-, ya ga flammable, mai kamawa da wuta, sai ya ɗauka ai wannan ba ya kamawa. Ma'anarsu ɗaya ce: dukansu biyun abu ne mai saurin kama wuta, domin in- ɗin nan daga aikatau na cinna wuta ya fito. Wanda ba ya kamawa shi ne non-flammable. In ka ga ɗaya daga cikin biyun farko a gwangwanin maganin sauro, tinar fenti ko kwalbar turare, nesanta shi da murhu, kada kuma ka bar shi cikin mota a rufe da zafin rana irin na Makka. A Larabce za ka ga an rubuta ƙabil lil ishti'al.

Ta biyu a asibiti take. Inpatient majinyacin da aka ba gado ne, kishiyarsa outpatient, wanda ake dubawa ya koma gida. Impatient kuwa marar haƙuri. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma a takardar inshora bambancin inpatient da outpatient shi ke nuna abin da za a biya maka. Sai invaluable, wadda ba marar daraja take nufi ba, abin da darajarsa ta fi ƙarfin ƙima ne, yabo ne babba. Infamous wanda ya yi ƙaurin suna, ba wanda ba a sani ba. Inhabitable gida ne da za a iya zama a ciki, wanda ba ya zaunuwa uninhabitable.

Ka kuma kula da inter- da intra-, domin ɗafa-goshi ne daban masu zaman kansu. Inter- tsakani, shi ya sa international ke nufin tsakanin ƙasashe. Intra- a cikin abu ɗaya: intravenous allurar jijiya ko ƙarin ruwa, intramuscular allurar da ake yi a tsoka. A takardar likita gajarta su ake yi, IV da IM.

Wajen rubutu, kada ka ƙirƙiro korewa da kanka, domin un- na takara da in- ba tare da tsayayyar ƙa'ida ba. Ana cewa unable amma inability, unjust amma injustice. Ƙamus ne kawai ke raba gardama.

A ganinmu, zaman Saudiyya ya ba mai koyo gata, tunda yawancin alluna, kwalaye da manhajoji irin su Absher suna zuwa da Larabci da Turanci. Nemi ƙaramin littafi, ka raba shafi gida uku: korewa, ciki, da masu yaudara. Kowace kalma ka tsinta, dubi Larabcin da ke gefenta. In ka ga gairu ko adam, wato rashi a Larabce, ta gidan farko ce. Rubuta ta tare da jimlar da ka same ta a ciki, domin kalmar da aka cire daga jimlarta saurin gudu take yi. Biyar a rana sun wadatar, ranar Juma'a ka rufe gefen ma'anar ka gwada kanka, wadda ta kuɓuce ka sake sa ta a layin mako mai zuwa.