Yadda za ka bi diddigin sarauniyar Koriya ta da, ita da danginta, ba tare da sunaye sun rikita ka ba

In kana cikin masu son tarihin Koriya, ko kana kallon finafinansu na fada har ka fara tambayar kanka wai wannan matar sarkin ta taɓa rayuwa da gaske, ga hanyar da ni nake bi. Zan yi misali da sarauniya Wongyeong, matar sarki Taejong na daular Joseon, don wallahi ita ce wadda labarinta ya fi tsaya min a rai.

Fara da sanin cewa sunan da kake gani ba sunan yanka ba ne. Wongyeong laƙabi ne da aka ba ta bayan ta rasu, haka ma Taejong, shi sunansa na gida Yi Bang-won. Matan wancan lokacin ba a cika rubuta sunayensu ba, sai dai a ce 'yar gidan wane. To ɗauki biro da takarda ka rubuta abu biyu, laƙabin da kuma sunan gidan ubanta. Ita 'yar gidan Min ce na Yeoheung, wato garin Yeoju na yanzu. Kar ka yar da wannan sunan garin fa, domin a Koriya sunan dangi shi kaɗai baya isa, sai an haɗa da garin da zuri'ar ta samo asali, su suna ce masa bon-gwan. Ko da kana da shi ma ka yi hattara, gidan nan ɗaya ya fitar da wata sarauniyar da ake kira sarauniya Min, wadda Japanawa suka kashe a 1895, in ka rubuta "Min" kawai a wajen nema ita za ta fara fito maka, kuma tsakaninsu kusan shekara ɗari biyar ne.

Sai ka jera shekaru. An haife ta 1365, lokacin daular Goryeo, wadda ta gabaci Joseon, tana nan, aka aurar da ita ga Bang-won a 1382, surukinta Yi Seong-gye ya kafa Joseon a 1392, mijin ya hau mulki a 1400, ta rasu 1420. In ka ga wata da rana sun saɓa tsakanin shafi da shafi kar ka ɗaga hankalinka, lissafin wata suke yi a da, wasu suna juya shi zuwa kalandar Turawa wasu ba sa yi.

Yanzu ga inda nake so ka daɗe, ka bi 'yan uwanta maza ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ne ainihin labarin yake. Ubanta Min Je babban malami ne kuma babban jami'i a gwamnati. Ƙannenta maza huɗu ne, Mu-gu, Mu-jil, Mu-hyul da Mu-hoe. A 1398 da Bang-won ya tashi yin juyin da ya hallaka Jeong Do-jeon, babban mashawarcin mahaifinsa, da kuma ƙanin shi Bang-won ɗin, yarima mai jiran gado, kundin tarihin fada ya nuna ita ce ta ɓoye makamai a lokacin da ake ƙwace su daga hannun 'ya'yan sarki, ta fito da su ranar da ake buƙata, ƙannenta kuma suna cikin waɗanda suka tsaya masa. Ka rubuta wannan a gefe guda na takardarka.

A ɗaya gefen kuma ka rubuta abin da ya biyo baya. Da mulki ya zauna masa sai ya fara tsoron ƙarfin gidan surukansa, musamman da yake babban ɗansa mai jiran gado ya shaƙu da kawunnansa. A 1407 aka tuhumi Mu-gu da Mu-jil da rashin biyayya, aka kore su, uban ya rasu 1408, a 1410 aka umarci su biyun su kashe kansu a tsibirin Jeju inda aka tsare su. Sauran biyun ma a 1416 haka aka yi musu. Ka duba fa, mace ta taimaki miji har ya samu sarauta, tana cikin fada tana ji tana gani aka gama da ƙannenta huɗu cikin shekara shida, ga kishiyoyi yana ta kawowa. Ni duk lokacin da na iso nan sai jikina ya yi sanyi, kuma shi ya sa nake cewa duk wanda ya karanta ranar haihuwa da ranar mutuwa kawai bai san matar nan ba.

Daga nan ka sauko kan 'ya'ya. Waɗanda suka wuce jarirantaka maza huɗu ne mata huɗu. Babban, Yangnyeong, an cire shi daga jiran gado a 1418 aka ba na uku, Chungnyeong, shi ne ya zama sarki Sejong wanda ya ƙirƙiro haruffan Hangul na rubutun Koriya a 1443. Autan mazan, Seongnyeong, a 1418 ɗin nan ya rasu yana yaro. Ka kula ka raba 'ya'yanta da 'ya'yan sauran matan sarki, ba duk ɗan Taejong ne nata ba.

Abin da ka tattara kuma ka gwada shi da tushe. Babban tushen shi ne Sillok, kundin da ake haɗawa bayan rasuwar kowane sarki daga abin da marubutan fada suka riƙa rubutawa rana bayan rana, yana intanet kyauta, sashen Taejong da na Sejong za ka duba. Amma ka karanta da lura, maza ne 'yan fada suka rubuta shi, laifin da aka ɗora wa ƙannenta da bakin masu tuhuma aka faɗe shi. Finafinai kuwa suna ƙara gishiri sosai, duk abin da ka gani a allo sai ka neme shi a kundin kafin ka sa a takardarka. In kana so ka ga inda take kwance, nemi Heolleung a taswira, a kudancin Seoul yake, kabarinta na gefen na Taejong da ya biyo ta a 1422.