Yadda Ake Shirya Jawabi a EmacsConf, Taron Masu Amfani da Emacs a Intanet

Emacs manhaja ce ta rubutu da gyaran rubutu wadda asalinta ya faro a 1976 a cibiyar MIT da ke Amurka, kuma nau'inta na GNU Emacs, wanda Richard Stallman ya fitar a 1985, shi ne mutane ke amfani da shi har yau wajen rubuta manhajoji, tsara ayyukan yini, karanta imel da wallafa littattafai. Ma'abota wannan manhaja suna da taronsu mai suna EmacsConf. An yi shi a Landan a 2013, aka sake yin sa a San Francisco a 2015, sannan daga 2019 ya koma intanet kacokan, ana yin sa kowace shekara. 'Yan sa-kai ne ke shirya shi, ba a biyan kuɗin shiga, kuma a shekarun baya-bayan nan yakan faɗo ranakun Asabar da Lahadi a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. Ke nan wanda ke zaune a Zariya ko Damagaram ba ya buƙatar biza ko tikitin jirgi kafin ya yi jawabi a gaban masu amfani da Emacs na duniya. Abin da yake buƙata shi ne abin faɗa, da kuma haƙurin shirya shi yadda mai kallo zai amfana.

Mutane da yawa suna ja da baya tun a matakin zaɓen batu, domin suna ganin taron na manyan masu rubuta manhaja ne, irin waɗanda suka samar da Org mode (tsarin tsara rubutu da ayyuka a cikin Emacs) ko Magit (ƙarin manhajar Emacs don bin diddigin sauye-sauyen fayiloli da Git). Wannan zato ba daidai ba ne. Tun daga 2022 ake raba taron gida biyu, ɓangare ɗaya na batutuwan da kowa zai iya bi, ɗayan kuma na masu zurfafawa a harkar gina manhajar, kuma a ɓangaren farko za ka ga malaman makaranta, marubuta da masu bincike suna nuna yadda suke gudanar da aikinsu na yau da kullum. A ganina jawabin da ya fi tsayawa a zuciya shi ne wanda mai shi ya ɗauki aiki guda ɗaya da yake yi da gaske, ya nuna wahalar da yake sha a da, sannan ya nuna yadda ya warware ta. Wanda ya ce zai zagaya da masu kallo cikin dukan fayil ɗin saitinsa mai layi dubu, yana bayanin kowane layi, zai gajiyar da su kafin ya kai rabi, domin saitin mutum kamar ɗakinsa yake, shi kaɗai ya san dalilin da ya sa kowane kaya yake inda yake.

Mai rubutu da Hausa yana da batun da masu kallo da yawa ba su taɓa tunani a kansa ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, babu su a allon madannan da aka saba sayarwa a kasuwa. A Emacs ana iya shigar da kowane harafi ta hanyar danna C-x 8 RET (wato Ctrl da x tare, sannan 8, sannan Enter) a rubuta lambarsa ta Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lamba, misali 0199 don ƙ ko 0257 don ɗ, amma wanda ke rubuta shafi goma a yini ba zai jure wa wannan ba. Mafita ita ce ya gina ƙaramar hanyar shigar da haruffa da tsarin Quail da ke cikin Emacs, ta yadda danna k da wata alama zai ba shi ƙ nan take. Layuka kaɗan ne suke yin wannan aiki, kuma nuna su tare da bayanin dalilin da ya sa "kasa" da "ƙasa" ba kalma ɗaya ba ce ya ishi jawabin minti goma. Haka nan rubutun Ajami: tun Emacs 24 da aka fitar a 2012 manhajar take iya nuna rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu tare da na boko a layi ɗaya, kuma wanda ya yi aiki da Ajami a cikinta yana da abin da zai koya wa jama'a game da inda tsarin ya yi kyau da inda wasulla ke ba da matsala.

Masu shirya taron sukan fitar da sanarwar neman masu jawabi watanni kafin lokaci, kuma wa'adin turawa yakan cika ne a wajajen Satumba, saboda haka sai ka duba shafin taron na shekarar ka ga ranar da aka tsayar. Abin da ake turawa ta imel gajere ne: taken jawabin, bayaninsa a taƙaice, tsawon lokacin da kake so, sa'o'in da za ka samu a ranakun taron, da yadda kake so a yi maka tambayoyi. Ka rubuta bayanin kamar kana gaya wa abokin aiki abin da zai iya yi bayan ya gama kallonka wanda bai iya ba kafin nan. Game da tsawon lokaci kuwa, shawarata ita ce wanda zai yi karon farko ya nemi minti goma, ko ashirin idan batun ya cika da gaske. Gajeren jawabi ya fi sauƙin samun gurbi a jadawali, kuma ya fi tilasta wa mai shi ya tace maganarsa.

Sa'o'in da ka ce za ka samu suna buƙatar lissafi. Jadawalin yana bin agogon gabashin Amurka ta Arewa, wanda a watan Disamba yake bayan agogon Najeriya da Nijar da sa'a shida. Idan an buɗe taro da ƙarfe 9 na safe a can, ƙarfe 3 na rana ne a Kano da Yamai, kuma zaman yakan kai har dare a wajenmu. Ka duba lokutan La'asar, Magariba da Isha'i ka faɗa musu sa'o'in da ba za ka samu ba tun a saƙon farko, domin gyara jadawali bayan an fitar da shi yana wahalar da mutanen da ke aikin nan kyauta.

EmacsConf yana ƙarfafa wa masu jawabi su naɗi bidiyonsu tun kafin ranar taro su tura, kuma ina ganin babu wanda wannan tsari ya fi yi wa amfani kamar wanda wuta ke ɗauke masa ba sanarwa ko sabis ɗin intanet ɗinsa ke yankewa. Idan bidiyon yana hannunsu, za a haska shi a kan lokaci ko da kai kana cikin duhu. Akwai wata fa'ida kuma: 'yan sa-kai suna sanya wa bidiyon da ya iso da wuri rubutun da ke bin magana a ƙasan allo. Da yake da Turanci ake jawaban, kuma masu kallo sun fito daga ƙasashe masu karin harshe daban-daban, wannan rubutu yana cire maka damuwar ko an fahimci lafazinka. Idan ka rubuta abin da za ka faɗa tun farko, ka tura musu rubutun tare da bidiyon, ka rage musu aiki mai yawa.

Wajen naɗin ne ya kamata ka fi ba da lokaci. Kuskuren da na fi gani shi ne ƙananan haruffa. Mai jawabi yana zaune gaban babban allo yana ganin komai sarai, ya manta cewa wani zai kalle shi a waya, ko a bidiyon da aka rage wa inganci saboda tsadar data. Ka ƙara girman haruffa da C-x C-+ har sai ka ga sun yi maka girma fiye da kima, sannan ka naɗi minti ɗaya na gwaji, ka tura shi wayarka ka kalla. Idan sai ka matso da wayar kusa da ido kafin ka karanta, ka ƙara. Ka zaɓi launukan da rubutu ke fita fili a kansu. Jigogin launi na Modus, waɗanda Protesilaos Stavrou ya tsara kuma suke zuwa tare da Emacs tun nau'i na 28, an gina su ne musamman don bambancin launin rubutu da na bango ya yi ƙarfi, saboda haka sun dace da wannan aiki.

Abu na biyu shi ne madannai. Mai amfani da Emacs yana aiki ne da yatsu, kuma abin da ya zame masa jiki ba ya ganin sa a matsayin mataki. Mai kallo kuwa sai dai ya ga taga ta rabu biyu, rubutu ya yi tsalle, bai san me aka danna ba. Ƙarin manhaja irin su keycast yana nuna madannin da ka danna da sunan umarnin da ya gudana, kuma ya kamata ka kunna shi. Duk da haka ka riƙa faɗin sunan umarnin da bakinka, domin madannan da ka saita wa kanka ba lallai su zama na kowa ba, alhali sunan umarni ɗaya ne a ko'ina. Bayan kowane mataki ka ɗan dakata, ka bar ido ya kama abin da ya canza.

Kada ka yi naɗin da saitin da kake aiki da shi kullum. A cikinsa akwai jerin fayilolin da ka buɗe kwanan nan, tarihin abin da ka rubuta a ƙaramin layin umarni, ajandarka ta Org mai ɗauke da sunayen mutane da alƙawura, wataƙila har da adireshin imel na wasu. Bidiyon zai zauna a intanet shekaru, kowa yana iya tsayar da shi ya karanta abin da ya gifta na daƙiƙa ɗaya. Daga Emacs 29 ana iya buɗe manhajar da zaɓin --init-directory a nuna mata wata jaka ta daban, sai ka haɗa ƙaramin saiti mai ɗauke da abin da jawabin ke buƙata kaɗai, tare da fayilolin misali da ka ƙirƙira. Wannan yana da wata riba: idan dabararka ta yi aiki a saiti mai tsabta, ka tabbata za ta yi aiki a wajen wanda ya kwaikwaye ka.

OBS Studio manhaja ce mai 'yanci, wato wadda kowa ke da damar amfani da ita, gyara ta da rarraba ta, tana naɗar allo da murya tare, kuma ta wadatar. Sai dai ka sani cewa mutane suna haƙuri da hoto mai rauni fiye da yadda suke haƙuri da murya mai amo. Makirufon da ke jikin abin sauraron waya yakan fi na jikin kwamfuta, domin yana kusa da baki kuma ba ya ɗaukar ƙarar madannai sosai. Ka kashe fanka, ka nisanci janareta, ka zaɓi lokacin da unguwa ta yi shiru, kamar bayan sallar Asuba. Ka naɗa gaɓa-gaɓa maimakon a zama ɗaya, ta yadda idan harshe ya sarƙe a minti na bakwai, wannan gaɓar kaɗai za ka maimaita. Nuna fuska ba dole ba ne.

Sauran abin da ya rage shi ne tambayoyi. Taron yana tafiya ne da manhajoji masu 'yanci: ana tattaunawa kai tsaye ta BigBlueButton, manhajar taron bidiyo, ana hira a rubuce ta IRC a kan dandalin Libera.Chat, kuma kowane jawabi yana da shafin Etherpad inda masu kallo ke rubuta tambayoyi da sharhi. An ba mai jawabi zaɓi ya amsa da murya, ko a rubuce a lokacin, ko ta imel bayan taro. Idan intanet ɗinka ba abin dogaro ba ne, ka zaɓi amsawa a rubuce, domin IRC da Etherpad ba sa cin data mai yawa, kuma amsar da aka rubuta cikin natsuwa takan fi ta baki ma'ana. Idan ka zaɓi murya, ka gwada makirufonka a BigBlueButton kwanaki kafin taron, ka shiga da wuri a ranar, ka kuma tanadi layin waya na biyu. Idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Sau da yawa wani daga cikin masu kallo zai rubuta amsar a Etherpad kafin ka gama magana.

Kafin ka tura komai, ka karanta sharaɗin lasisi. Ana fitar da kayan taron ne a ƙarƙashin lasisin Creative Commons BY-SA 4.0 da GNU GPL nau'i na 3 ko wanda ya biyo bayansa, wanda ke nufin kowa na iya kwafa, fassarawa da sake rarraba bidiyonka muddin ya ambaci sunanka kuma ya bar wa wasu irin wannan dama. Saboda haka kada ka saka hoto, kiɗa ko rubutun da ba ka da izinin bayarwa a kan wannan sharaɗi. Wannan lasisi shi ne kuma ya ba ka damar ka fassara rubutun ƙasan bidiyonka zuwa Hausa bayan taro, ka aika wa masu shiryawa ka roƙe su su haɗa shi da na Turanci a shafin jawabinka, tare da ƙaramin saitin da ka yi amfani da shi da amsoshin tambayoyin da lokaci bai ba ka damar amsawa a ranar ba.