Injin tauraro a hancin jirgin gida: wuraren da ake yawan tuntuɓe

Duk yaron da ya miƙo mini waya yana cewa "Baba, duba wannan," na san abin da zan gani tun kafin in sa tabarau. Ƙaramin jirgi ne, a hancinsa inji zagaye kamar faifai, silinda bakwai ko tara sun kewaye cibiya ɗaya, yana tashi da hayaƙi da gurnani mai daɗin ji. Faransawa suna kiransa da sunan tauraro saboda siffarsa, mu ma a Yamai injin tauraro muke ce masa. Irinsa ne, Wright J-5 mai silinda 9, ya ɗauki Lindbergh daga Niyok zuwa Faris a 1927, sama da awa 33 bai tsaya ba. Ba na ganin laifin wanda ya so shi. Matsalar ita ce da ido da kunne ake zaɓensa, alhali jirgin ne zai ɗauke shi, a cikin zafinmu da ƙurarmu kuma, waɗanda masu ƙera shi a Ostireliya da ƙasar Cek ba sa kwana da su.

Tuntuɓen farko a kan nauyi ake yinsa, tun inji bai baro kantinsa ba. Da yawa daga cikin ƙananan jiragen da ake haɗawa a gida an zana su ne don Rotax 912 na Ostiriya, mai ƙarfin doki 100, wanda tsurarsa bai kai kilo 60 ba. Rotec R2800 kuwa, injin tauraro na Ostireliya mai silinda 7 da doki 110, ya ɗan haura kilo 100. Mai ginin ya kan kalli dokin, ya ga ya samu ƙarin goma, ya manta ya ɗora kilo 40 a wuri mafi muni, wato can gaba. Yi lissafin da kanka. Idan kilo 40 ɗin nan yana mita ɗaya gaban inda jirgin ke daidaita, wutsiya kuma tana mita 4 a baya, sai ka sa dalma kilo 10 a wutsiya kafin ya daidaita. Jirgin ya ƙaru da kilo 50 ke nan, nauyin fetur kusan lita 70, ko rabin babban mutum da ɗoriya. In kuma ka ƙi daidaitawa, ranar sauka za ka ja sanda har cikinka hanci ya ƙi ɗagowa, kuma in jirgin mai tayar wutsiya ne, taka birki ɗaya ya isa ya dungura da ka.

Rangwamen da injin tauraro ke da shi guda ne: gajere ne daga gaba zuwa baya. To ka ci moriyar wannan, ka gajarta ƙarafan da ke riƙe shi ya matso jikin jirgin gwargwadon yadda tankin bakin mai da karbireta za su bari. Ka kai batir baya maimakon dalma, tunda batir nauyi ne da dole ka ɗauka. Sannan ka ɗora jirgin a kan sikeli uku, kowace taya da nata, a miƙe yadda yake tafiya a sama, ka yi lissafi da tanki cike da kuma tanki wayam, da matuƙi siriri da mai jiki. Kafin duk wannan, ka tambayi wanda ya zana jirgin iyakar nauyin injin da hancinsa zai ɗauka. Mai mafarkin injin tauraro M14P na Rasha kuwa, wanda ke kan jirgin Yak-52, ya sani doki 360 ne da nauyin da ya wuce kilo 200, kuma da matsattsiyar iska ake tayar da shi. Wannan na jirage irin su Pitts Model 12 da Murphy Moose ne, waɗanda aka gina dominsa.

Ƙarafan riƙon nan su ne wuri na biyu. Ina girmama masu walda na kasuwar Katako, mutanen da za su mayar maka da ganga murhu kana tsaye. Amma bututun kujera da na ruwa ba su da hurumi a hancin jirgi. Bututun ƙarfe 4130 ake sa wa, a yi masa walda da argon, a zaunar da injin a kan robobin da kamfaninsa ya faɗa, kusoshi na jirgi, kowane an ɗaure shi da waya ko fil. Girgiza ba ta karya ƙarfe a rana ɗaya. Tsaga take farawa kamar silin gashi a gefen walda, shi ya sa farin fenti ya fi baƙi a wurin, don ka gan ta da wuri. Ka kuma duba inda injin ke juyawa. Injinan Rotax da Lycoming, in kana zaune a kujerar matuƙi, dama suke juya farfela, hanci ya ja hagu, ka taka ƙafar dama. M14P akasin haka yake. Wanda ya kwafi karkacewar riƙon inji daga zanen da aka yi wa wancan ya ƙara wa jirginsa ja maimakon ya rage.

Sai bakin mai, inda mai injin mota ya fi shan kunya, don duk abin da ya sani a gareji a nan yake yaudararsa. Injin mota kawunan silindarsa sama suke kallo, mai ya sauka ƙasa ya kwanta a kaskonsa. Injin tauraro ba shi da wannan kaskon, tankinsa daban yake, kuma biyu daga cikin silindarsa a kife suke, kai a ƙasa: ta 4 da ta 5 a mai bakwai, ta 5 da ta 6 a mai tara. In ya kwana, mai yana tsiyaya a hankali, ya ratsa zoben fiston, ya taru a kan silindar. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Da an danna sitata fiston ya sauko ya tarar da mai, sai wani abu ya ba da kai, kuma yawanci sandar fiston ce, wadda makanikanmu ke ce wa biyal.

Na taɓa riƙe irin wannan sandar a hannuna. Lanƙwasar ba ta kai a gan ta daga nesa ba, sai da muka kwantar da ita a kan gilashi. Mai injin ya ce mini, "Wallahi Malam, ɗan tsayawa kawai ya yi, da na sake dannawa ya tashi lafiya." Tashin lafiyar nan shi ne abin tsoro. Sandar da ta lanƙwashe tana iya aiki na awoyi kafin ta karye, kuma ba a ƙasa take zaɓar karyewa ba.

Maganin ba ya cin ko dala. Kafin kowane tayarwa, ka tabbata wuta a kashe take, an toshe tayoyi, ka juya farfela da hannu ta inda take juyawa, aƙalla zagaye biyu cikakku na injin don kowace silinda ta ratsa matsinta; in littafin injin ya ce fiye da haka, bi littafi. In ka ji ta cije kamar ta daki bango, tsaya. Kada ka sa ƙarfi, kada kuma ka mayar da ita baya, wanda shi ne kuskuren masu ganin sun waye: juyawa baya yana tura man cikin bututun shaƙar iska, ya laɓe can, injin na tashi ya zuƙo shi gaba ɗaya. Cire buji na silindun ƙasa, bari man ya zube, juya, goge bujin, mayar. Wasu suna sa famfon rufe mai tsakanin tanki da inji don rage tsiyayar. Yana aiki, sai dai ya zo da nasa haɗarin, don injin da aka tayar famfo a rufe minti kaɗan ya ishe shi ya ƙone. Ko dai a haɗa famfon da wayar sitata yadda ba za ta juya ba sai an buɗe, ko a riƙa rataye makullin jirgin a hannun famfon. Tankin ma kada a cika shi fal, mai yana dawowa da kumfa yana neman wuri, kuma tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa inji ya zama mai faɗi da ba ya lotsewa in ya yi zafi.

Zafi kuwa namu ne, babu littafin da zai yi maka lissafinsa. Filin jirgin Diori Hamani na Yamai bai wuce mita 220 da ƴan kai sama da teku ba, sai mutum ya ɗauka injinsa zai ba shi dokin da aka rubuta. A watan Afrilu da azahar, ma'auni na nuna 42, iskar ta yi sirantar da jirgi ke ji kamar yana kan tudu mai mita 1,200 da wani abu. Injin da ba shi da abin dura masa iska yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300, don haka doki 110 ya koma ƙasa da 100, fiffike da farfela su ma sun rage kamu. Garin Tawa ya fi Yamai tudu, lissafin can ya fi tsanani. Haɗa wannan da kilo 50 na ɗazu ka ga inda ƙarin doki goma ya tafi.

Ana kuma cewa ai injin a fili yake, iska na dukansa ta ko'ina, ba ya buƙatar komai. A sama, wataƙila. A ƙasa kana jiran izinin tashi, tsakiyar farfela ba ta tura iskar kirki, bayan silindun kuma a laɓe yake. Masu rufe shi da murfi don kyau su ma suna nasu kuskuren: su bar baki wangame a gaba, su manta mafita a baya. Iskar da ba ta da hanyar fita ba ta shiga. Tun ƙarshen shekarun 1920 zoben Townend na Ingila da murfin NACA na Amurka suka nuna murfin da aka yi daidai yana rage jan iska ba tare da ya dafa injin ba, amma da faranti tsakanin silindu masu tilasta wa iska bin haƙarƙarinsu. Sa ma'aunin zafi a kowace silinda, ko da na lokacin gwaji ne, don ba ka san wacce ce mai zafin kai ba sai ka auna. Na'urar sanyaya bakin mai a nan wajibi ce ko da wanda ka gani a bidiyo bai sa ba.

Tiyon fetur ya nisanci salansa, a sa masa rigar wuta, don fetur ɗin mota yana saurin zama tururi a cikin tiyo mai zafi, injin ya shaƙe daidai lokacin hawa. Fetur ɗin kwalba na bakin titi kuwa ko a raha kada in ji. Bangon da ke tsakaninka da injin ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, wutar fetur ta wuce nan.

Ƙurar hunturu ba ta buƙatar dogon bayani. Karbireta ba matatar iska a watan Janairu daidai yake da zuba wa silinda yashi da cokali. Abin da aka fi mantawa shi ne farfelar katako. Injinan nan babbar farfela suke so mai juyawa a hankali. R2800 yana da giya mai rage juyi uku zuwa biyu, Verner na ƙasar Cek kuma kai tsaye yake juya tasa. Babba tana kusantar ƙasa, kuma tsohuwar ƙa'idar Amurka ta ƙananan jirage ta nemi tazarar inci 9, kusan santimita 23, ga mai tayar wutsiya idan ya ɗaga ta. Kan jar ƙasa da tsakuwa ni ina son fiye da haka. Sannan katakon da aka sassaƙa a ƙasa mai laima, in ya sha iskar ɗari a Yamai sai ya tsuke, kusoshin da ka ɗaure daidai a watan Agusta su saki a Disamba ba wanda ya taɓa su. Farfela ta fara motsi a mazauninta, katakon ya ƙone, kusa ta karye. Ka sake auna ɗaurinsu bayan tashin farko, da kuma duk sauyin yanayi, shigar damina da fitarta. In ka ajiye jirgi, bar farfelar a kwance, kada ruwan cikin katakon ya taru a gefe ɗaya.

Takarda ma ana barinta sai ƙarshe, alhali da ita ya kamata a fara. Hukumar sufurin jiragen sama ta Nijar, wato ANAC, ce ke ba da lambar rajistar jirgi da ke farawa da 5U, kuma a yanayin tsaron da muke ciki babu mai hankalin da zai ɗaga wani abu sama ba da sanin hukuma ba. Je ka zauna da su da zanenka kafin ka aika kuɗin inji. A Amurka jirgin gida mai injin da ba shi da shaidar hukuma yakan yi awa 40 na gwaji a keɓaɓɓen yanki kafin ya ɗauki fasinja. Aron wannan adadin ba zai cuce ka ba.

Kafin ranar farko, ɗaga hancin jirgin kamar yana hawa, cire tiyo daga karbireta, auna fetur ɗin da ke zuba da ɗan abin da ya rage a tanki. In da nauyinsa yake gangarowa, ya kai ninki ɗaya da rabi na abin da injin ke sha a cikakken ƙarfi. In famfo ke tura shi, ɗaya da kwata. Ɗaure wutsiya a abin da ba ya motsi, ba shi wuta, ido a kan zafin silindu da matsin mai. Tashin kansa kuma a yi shi bayan sallar asuba, kafin rana ta gasa kwalta.