Yadda Ake Rubuta Labarin Mai Bincike Matsafi Ba Tare da Tsafin Ya Cinye Labarin Ba

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da ya yi kasuwa a Amurka da Ingila, wanda tauraronsa mutum ne mai ɗan ƙaramin ofis a tsakiyar babban birni, ana biyansa ya nemo wanda ya ɓata ko ya gano wanda ya yi kisa, sai dai kuma ya iya sihiri, bakinsa kuwa ba ya rabuwa da barkwanci. Tushensa yana cikin labaran masu bincike masu zaman kansu irin na Dashiell Hammett a 1930 da Raymond Chandler a 1939, inda jarumin yake talaka mai taurin kai wanda 'yan sanda ba sa ƙaunar ganinsa. A shekarar 2000 Jim Butcher ya fitar da littafin farko na Harry Dresden, matsafin birnin Shikago wanda ya sa tallar sana'arsa a littafin lambobin waya, kuma yawancin masu sha'awar wannan salo ta nan suke shigowa.

Wanda zai gwada rubuta irinsa ya fara da sanin matsalar da ke gabansa. Tun a 1929 wani limamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na labarin bincike, kuma ɗaya daga cikinsu ta hana shigo da abin da ya saɓa wa al'ada, irin su sihiri da aljanu, kwata-kwata. Dalilinsa a fili yake, domin idan jarumi zai iya tayar da gawa ya tambaye ta wanda ya kashe ta, to labari ya ƙare a shafi na uku. Saboda haka, kafin ka rubuta babi na ɗaya, ka ɗauki takarda daban ka rubuta dokokin sihirin labarinka, musamman abin da ba zai taɓa iya yi ba, da abin da yake ci wa mai yinsa na ƙarfin jiki ko kuɗi ko lokaci, da kuma waɗanda suka fi jarumin iya shi. A littattafan Butcher, alal misali, na'urorin zamani lalacewa suke yi idan matsafi ya kusance su, shi ya sa jarumin yake fama da tsohuwar Volkswagen, ba ya kuma morar kwamfuta. Wannan doka guda ta rufe masa hanyoyin bincike masu sauƙi, ta kuma zama mafarin dariya a kowane littafi.

Bayan dokoki sai laifin kansa, kuma daga ƙarshe ake gina shi. Ka san wanda ya aikata, da dalilinsa, da kuskuren da ya tafka, sannan ka dawo baya kana shuka alamomi. A nan ne yawancin masu farawa suke faɗuwa, domin suna barin tsafi ya kawo amsa, alhali aikinsa bai wuce ya kawo alama ba. A ce wata mata ta zo ofis tana neman mijinta da ya ɓata, ta kawo silin gashinsa da ta ciro daga matajinsa. Jarumin ya ɗaure gashin a bakin zare, ya yi 'yan surkullensa, zaren ya miƙe yana jansa titi bayan titi, yana biye da shi cikin ruwan sama har tsakar dare, daga ƙarshe ya dire a kan kwandon sharar wani shagon aski. Sihirin bai yi ƙarya ba, inda gashin mutumin ya fi yawa nan ya nuna. Mai karatu ya yi dariya, dokar ba ta karye ba, kuma an samu sabuwar alama, wato mutumin ya yi aski ƙwal ranar da ya ɓata, wanda ke nuna shi da kansa ya shirya ɓoyewa. Daga nan dole jarumin ya jira gari ya waye ya yi wa mai aski tambayoyi kamar kowane mai bincike.

Barkwancin da ya fi daɗewa a irin wannan labari yana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin ƙarfin jarumin da halin rayuwarsa. Mutumin da ya kori ifritu da daddare shi ne da safe yake laɓewa bayan ƙofa don mai gida ya zo karɓar kuɗin haya. Shi ya sa ya fi kyau jarumin ya ba da labarin da bakinsa, domin mai karatu ya ji yadda yake raina kansa da yadda yake rufe tsoro da zolaya. Ka ba shi abokin cacar baki, ko aljani mai surutu ko 'yar sanda wadda ba ta ɗaukar wargi, amma ka san inda za ka tsaya. Idan uwa tana kuka a kan gawar ɗanta jarumin kuma yana zuba raha, mai karatu zai tsane shi, kuma ba zai sake jin tsoron komai a littafin ba.

Birnin kuwa ya zama wanda ka san lungunansa, da sunayen unguwanni da cunkoson motoci na gaskiya. Marubucin Hausa yana da wani lissafi na daban a nan. Dariyar Shikago ta ginu ne a kan cewa jama'a ba su yarda da sihiri ba, suna yi wa jarumin kallon mahaukaci ko ɗan damfara. A Kano ko Damagaram ba wanda zai yi mamakin jin zancen aljanu, don haka kwafo waccan dariya ba zai yi aiki ba, sai dai a juya ta, matsalar jarumin ta zama yawan 'yan damfarar da suka cika masa kasuwa. Haɗa aljanu da raha ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda Abubakar Imam ya yi shi a Ruwan Bagaja tun 1934. Sai dai ka tuna masu karatunka sun san hukuncin sihiri a addini, saboda haka ka yanke shawara tun farko a kan inda baiwar jarumin ta samo asali da yadda shi kansa yake kallonta.

Idan ka gama rubutun farko, ka bi shi da alƙalami ka ja layi ƙarƙashin duk wurin da aka yi tsafi. Kowane tsafin da ya ceci jarumin a babin ƙarshe dole mai karatu ya riga ya gan shi tun baya, ya kuma san farashinsa. Sannan ka ba wani ya karanta, ka tsayar da shi kafin a tona asiri, ka tambaye shi wanda yake zargi da hujjarsa. Idan ba shi da ko hujja ɗaya, alamominka sun yi kaɗan, sai ka koma babin tsakiya ka ƙara. In kuma kana da niyyar littafi na biyu, kada ka ƙara wa jarumin ƙarfi da yawa a na farko, kuma ka bar masa bashin hayar nan bai gama biya ba.