Darasi na 9: Tara Kuɗi Don Gajiyayyu da Masu Doguwar Jinya

A ƙasar Hausa tsoho a ɗakinsa yake tsufa, 'ya'ya da jikoki na kewaye da shi. Amma ba kowa Allah ya ba wannan gata ba. Akwai wadda ba ta haihu ba, akwai wanda nasa suka riga shi, akwai kuma mai ciwon da likita ya ce sai dai a lallaɓa, kamar ciwon daji da ya yi nisa. Wasu ana kai su gidan gajiyayyu, irin wanda yake Shahuci a birnin Kano. Wasu suna kwance a gida, mutanen unguwa ke leƙa su. Ko ina suke, kullum sai an ci, an yi wanki, an sayi magani. Ina za a samo kuɗin?

Da an yi wannan tambaya sai ka ji an ce, "A ƙaddamar da gidauniya." Na taɓa zama a irin wannan kwamiti. Muka ɗauko hayar rumfa da kujeru da lasifika, muka buga katin gayyata, muka sayi lemo. Babban baƙo bai zo ba, ya aiko wakili. Wakilin ya miƙe ya faɗi wani adadi, wuri ya ɗauki kabbara. Wata shida muna sintiri a ƙofar gidan, maigadi na ce mana Alhaji ya yi tafiya. Abin da ya shigo hannu da ƙyar ya sallami mai rumfa. Tun daga ranar na fi yarda da 'yar naira ɗari biyun da za ta zo kowane mako.

Ku ɗauki fensir mu lissafa. A ce gida 60 a unguwarku sun yarda kowace Juma'a za su ba da naira 200. A mako an sami naira 12,000. A mako huɗu, 48,000. A shekara, wato mako 52, an tara naira 624,000. Ba a biya mai rumfa ba, ba a yi wa kowa fadanci ba. Mata sun fi kowa sanin wannan dabara, don ita ce ta adashi. Bambancin kawai, a nan mai ɗauka ɗaya ne, wato majinyaci.

Mutanen jihar Kerala ta ƙasar Indiya sun daɗe a kan wannan hanya. A shekarar 1993 wasu likitoci a birnin Kalikat suka kafa ƙungiyar kula da masu ciwon da ba ya warkewa. Daga baya aikin ya bazu ƙauyuka, 'yan sa-kai na bi gida-gida. Yawancin kuɗin daga hannun talakawa yake fitowa: asusu a kan kantar shago, ɗan abin da 'yan makaranta suka tara. Akan dafa shinkafar da suke kira biriyani a sayar ƙunshi-ƙunshi, ribar ta tafi wurin majinyata. Masu motocin haya kuma sukan ware rana guda, duk cinikin ranar na mara lafiya ne. Me zai hana a zauna da shugaban tasha, ko 'yan adaidaita-sahu, a roƙi ko da lodi ɗaya a wata? Me zai hana mata su haɗu ran kasuwa su yi waina da miyar taushe?

Wanda ba shi da kuɗi ma yana da abin bayarwa. Lokacin kaka a bi manoma da buhu, wannan tiya guda ta gero, wancan damin dawa. Ranar Babbar Sallah a tattara fatun layya, kamar yadda ƙungiyar Izala take yi kowace shekara, amma a sa gishiri da wuri, don fata ba ta jiran gobe. A Ingila gidajen jinya da yawa suna da shagunan gwanjo: mutane su kawo tufafi da littattafai kyauta, a sayar, kuɗin ya tafi jinya. Tela ya ɗinka zanen gado, wanzami ya zo aski, mai ruwa ya ba da kura ɗaya.

Idan Allah ya haɗa ku da mai hali, kada ku tsaya kan buhun shinkafa, wata guda ya ƙare. Ku yi masa maganar waƙafi. Shago ɗaya da za a riƙa karɓar haya, ko injin markaɗe, ko rijiyar burtsatse da za a sayar da ruwanta. Ku tuna masa da Sayyidina Usman, da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Zakka kuwa tana da mutanenta kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60. Ku ware ta daban, kuma ku tambayi malami kafin ku taɓa ta don gyaran rufi ko fenti.

Yanzu ga inda karatunku zai yi rana. Kuɗin jama'a ba a ajiye shi a ka. A sayi littafi mai layi, a raba kowane shafi gida huɗu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, saura. Mai karɓa daban, ma'aji daban, mai rubutu daban. Kada a fasa asusu sai mutum uku na wurin. Ƙarshen wata a karanta lissafin a bainar jama'a, ko da kuɗin sabulu ne. Sannan kada a ɗauki hoton majinyaci a watsa a WhatsApp don neman taimako sai da yardarsa. Tsohuwar da ta yi shekara saba'in tana rufa wa kanta asiri ba ta ƙi abincinku ba, amma ba ta ce a nuna wa duniya shimfiɗarta ba.

Aikin gida: ku ƙirga gidajen layinku, ku rubuta adadin. Idan kowane gida zai ba da naira 100 a mako, nawa za a tara a mako 12? Ku zana shafi mai gida huɗu a littafinku, ku zo da shi darasi na gaba.