Yadda za a tsara filin shaƙatawa a tsakiyar Zariya wanda mutane za su iya zuwa

Toh jama'a, wannan maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Gari kamar Zariya, ga Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) tun 1962, ga kwalejin jiragen sama, ga cibiyar horaswa ta NITT a hanyar Basawa wadda aikinta kenan harkar sufuri, amma in ka ce yau da la'asar bari in kwashi iyali mu je wani wuri a tsakiyar gari mu sha iska yara su yi guje-guje, sai ka tsaya kana lissafin ina za ka nufa. Don haka duk wanda Allah ya ba ikon sa hannu a irin wannan aiki, kansila ne ko ƙungiyar unguwa ko mai hali, ga yadda nake ganin ya kamata a bi.

Kada a fara da zanen fulawoyi, a fara da hanya. Garin nan a miƙe yake, Birni, Tudun Wada, Sabon Gari, can kuma Samaru, kuma yawancin zirga-zirga layi ɗaya take bi, daga Ƙofar Doka a wuce PZ a fita Kwangila a miƙe Samaru. Filin ya kasance a kan wannan layin ko kusa da shi, yadda in mutum ya sauka ba zai yi tafiyar da ta wuce minti biyar a ƙafa ba. Ka kawo matar da ta fito daga Ƙofar Gayan da goyo da yara biyu a ranka, in sai ta hau abin hawa uku a zuwa, uku a dawowa, wallahi sau ɗaya za ta zo, da sallah, shi kenan. Kafin a tsayar da wuri a samu matasa su zauna bakin titin da littafi da biro su ƙirga keke napep nawa, acaba nawa, bas nawa, masu ƙafa nawa suke wucewa daga la'asar zuwa isha'i, a yi ranar aiki a yi Juma'a a yi Lahadi. Ɗaliban sashen tsara birane na ABU za su iya wannan ƙirgar a mako guda in an neme su.

Sai maganar fili. Tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birni a hannun gwamna suke, saboda haka takarda sai an bi ta KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, izinin gini kuma KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. A tantance ma wurin a ƙaramar hukumar Zariya ya faɗa ko ta Sabon Gari. Amma takarda kaɗai ba ta isa, a je wa mai unguwa da hakimi, a zauna da maƙwabta tun kafin a kafa turke ɗaya. Ganuwa kuma kada a taɓa ta, abin da ya rage mana kaɗan ne.

A je a ga filin cikin watan Agusta bayan an tafka ruwa, kada a yanke hukunci da rani. Inda ruwa yake kwanciya nan ne hanyarsa, in ka cike kududdufi ba ka yi masa mafita ba gidajen mutane zai shiga. Bakin rafin Kubanni da ba ya yi wa gida kyau yana iya yi wa filin shaƙatawa, a bar gangaren ga bishiyoyi da ciyawa, banɗaki da shaguna a kai su kan tudu.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure, bakin ƙofa. Akwai wata sallah da na kai yarana wani wurin wasa, ƙofa ɗaya ce tal kuma a kan babban titi, masu keke sun cunkushe bakin, masu acaba na kutsawa ta tsakani, na saɓa ƙaramar a kafaɗa na damƙe hannun yayanta muna neman tsallakawa, sai da madubin wata keke ya goge shi a kunne. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Saboda haka babbar ƙofa ta fuskanci ƙaramin layi, a shigar da katanga ciki a fitar da wurin da keke za ta ratse ta sauke fasinja ba tare da ta tare titi ba, wurin saukewa daban wurin ɗauka daban, masu acaba a ba su nasu gefen. A kira shugabannin ƙungiyoyinsu a zauna da su kan zanen, su suka san inda direba zai yarda ya tsaya da inda ba zai tsaya ba ko da 'yan KASTLEA masu kula da dokar hanya na wurin. A sa ƙofofin ƙafa biyu ko uku ta ɓangaren unguwanni, a yi tudun rage gudu kafin wurin tsallakawa, kwalbati a rufe shi da silab, a kuma yi gangare a maimakon matakala saboda masu keken guragu da tsofaffi. Wurin ajiye motoci kada ya cinye rabin fili, yawancin masu zuwa ba da mota za su zo ba.

Mai shayi, mai tsire, mai rake, mai awara, duk za su zo ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba. A ware musu layi a ciki da kwandon shara, in ba haka ba wurin saukar keken nan za su mamaye.

Bishiya a dasa ta farkon damina, wajen Yuni. Darbejiya tana saurin ba da inuwa, a haɗa da maɗaci da tsamiya, a kuma sa rimi ko da biyu ne, garin da ke da Rimin Doko da Rimin Tsiwa bai kamata filinsa ya rasa rimi ba. Kowace a kewaye ta saboda awaki, a haƙa bohol mai sola don ban ruwa da rani, shekara biyun farko su ne masu wuya. Ciyawa a taƙaita ta, ruwa take sha sosai. Wurin alwala da sallah dole ne, banɗakin mata nesa da na maza, da wani sashe mai kujeru inda mata za su sake suna hango yaransu, da fitilun sola har zuwa bakin titi inda ake jiran abin hawa bayan magariba.

Kuɗin kula da wurin a tsara shi tun ranar farko. Ni dai ban goyi bayan kuɗin shiga ba, mai yara biyar zai haƙura ne kawai. Hayar shaguna da kuɗin ajiye mota su riƙa shiga asusu ɗaya da kwamitin unguwa ke gani duk wata, daga ciki a biya maigadi da masu shara biyu da mai ban ruwa, a kuma ajiye wani abu don ranar da famfon bohol zai lalace.