Matsin haske: inda ɗalibai suka fi zamewa a lissafi, da yadda ake gyarawa

Haske yana tura duk abin da ya faɗa a kai. Masanin kimiyya Maxwell ya fitar da haka da lissafi a 1873, Lebedev ya auna shi a Mosko a 1900, Nichols da Hull suka auna nasu a Amurka daga 1901. Sai dai turawar ƙarama ce ƙwarai, kuma daga ƙanƙantarta ne yawancin kurakurai ke fitowa a takardun ƴan ajin ƙarshe na lise da ƴan shekarar farko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Ɗalibi ya samu amsa da ta ninka gaskiya sau miliyan, bai ji komai ba, don bai san girman abin da yake nema ba.

Ɗora p = mv a kan foton

Wannan shi ne babban rami. An saba da cewa adadin motsi, p, shi ne mas sau gudu. Foton, wato ƙwayar haske, ba shi da mas, sai ɗalibi ya rubuta p = 0 × c = 0, inda c gudun haske ne, ya rufe kaye. Wani kuma, don gudun sifiri, sai ya ƙirƙiro wa foton mas daga E = mc². Na biyun yakan faɗa kan lambar da ta dace, amma hujjarsa gurguwa ce, kuma za ta kada shi a tambaya ta gaba.

Ƙa'idar p = mv ta abubuwa masu mas ce da ke tafiya a hankali idan aka gwada da gudun haske. Cikakkiyar ƙa'idar ita ce E² = (pc)² + (mc²)². A sa m = 0, sai a samu p = E/c. Tunda makamashin foton ɗaya E = hc/λ ne, inda h lambar Planck ce, λ kuma tsawon zango, to p = h/λ. Ga koren haske mai tsawon zango nanomita 500: 6,63 × 10⁻³⁴ a raba da 5 × 10⁻⁷, ya ba da 1,33 × 10⁻²⁷ kg·m/s. Gwajin Compton na 1923, inda hasken X ya bugi elektron ya fito da zango mafi tsawo, shi ya nuna cewa wannan p ɗin na gaske ne.

Nan ma akwai tuntuɓe biyu na na'urar lissafi. Ana shigar da 500 ba a mai da nanomita mita ba. Ana kuma raba makamashin da aka bayar da eV (elektron-volt) kai tsaye da c, alhali sai an ninka shi da 1,6 × 10⁻¹⁹ ya koma jul tukuna.

Manta da 2 na madubi

A jefi bango da curin laka, zai manne, bangon ya karɓi turawa ɗaya. A jefe shi da ƙwallon roba, bangon ya tsayar da ita sannan ya mai da ita baya, turawa biyu ke nan. Baƙin abu mai shanye haske yana karɓar p daga kowane foton, madubi yana karɓar 2p, don adadin motsi yana da alƙibla: daga +p zuwa −p bambancin 2p ne. Ɗalibai da yawa suna cire girma daga girma su samu sifiri, su ce madubi ba ya jin komai.

Saboda haka matsi a kan mai shanyewa I/c ne, a kan cikakken madubi 2I/c, inda I yake nufin wat nawa ke sauka a kan kowace murabba'in mita. Abin da ke tsakani, wanda ke mayar da kason R na hasken kamar madubi, nasa (1 + R)I/c ne. Gilashi garai da haske ke ratsawa kusan ba ya jin turawa, sai ɗan abin da fuskokinsa suka mayar.

Mu sa lambobi. A saman sararin iskar duniya, rana tana ba da wajen wat 1361 a murabba'in mita, matsinta a baƙin abu 4,5 × 10⁻⁶ paskal, a madubi 9,1 × 10⁻⁶. A ƙasa, da tsakar rana a Tawa idan babu hazo, a ɗauki wat 1000, matsin ya zama 3,3 × 10⁻⁶ paskal. Panon sola mai faɗin murabba'in mita 1,6, irin wanda ake ɗorawa a kan rufin gida, rana tana danna shi da niyuton 5,3 × 10⁻⁶, nauyin wajen rabin miligiram. Matsin iskar da muke shaƙa kuwa wajen paskal 100 000 ne. Duk wanda ya samu niyuton 1600 ko 0,0053 a wannan tambaya, to ya manta rabawa da c, ko ya sa 300 000 na kilomita a maimakon 3 × 10⁸ na mita.

Ɗaukar zafi a matsayin matsi

Kowa ya san yadda ranar Afrilu ke sauka a ka kamar da nauyi. Wannan makamashi ne da fata ke shanyewa, ba turawa ba ce. Makamashin yana da yawa, shi ya sa tashar Malbaza ke samar da megawat 7 daga rana, shi ya sa kuma masanin kimiyya ɗan Nijar Abdou Moumouni Dioffo ya ba da shekarunsa ga binciken makamashinta. Adadin motsin kuwa makamashin ne aka raba da miliyan 300.

Inda wannan ruɗani ya fi ɓarna shi ne kwalbar Crookes, wadda ya ƙera a 1873: fukafukai huɗu a kan tsinin allura, kowanne fuska ɗaya baƙa, ɗaya mai sheƙi, a cikin gilashin da aka zuƙe mafi yawan iskarsa. A sa ta a rana, sai ta hau juyawa. Bidiyoyin intanet da yawa suna nuna ta a matsayin shaidar matsin haske, har wasu malamai na maimaitawa a aji. A dubi inda take juyawa kawai. Da haske ne ke tura ta, fuskar mai sheƙi ce za ta sha turawa biyu, ita za ta ja baya. Abin da ido ke gani akasin haka ne, baƙar fuskar ce ke gudun hasken. Baƙin ya fi ɗaukar zafi, ragowar iskar cikin kwalbar tana gudana ta gefen fukafukan daga ɓangaren sanyi zuwa na zafi, ita ke tura su, kamar yadda Reynolds ya bayyana a 1879. Idan aka ƙara zuƙe iskar sosai, juyawar takan tsaya cik. Wahalar da Lebedev ya sha ke nan, raba turawar haske da ta iska mai zafi.

Haka gwajin gida na rataya takardar alminiyom da zare a haska ta da tocila. Idan ta motsa, numfashin mai gwajin ne ko iskar ɗaki. Iskar da ke kaɗawa mita 5 a daƙiƙa tana matsa abu da wajen paskal 15, ta ninka matsin rana fiye da sau miliyan huɗu. Fitilar leza mai wat 1, wadda za ta iya makantar da mutum, turawarta niyuton 3,3 × 10⁻⁹ ce kacal, daga F = P/c, inda P yake nufin wat ɗin fitilar.

Kusurwa

Idan haske ya zo a karkace, da kusurwar θ daga layin da ke tsaye a kan fuskar, kosinus yana shiga sau biyu, kuma yawanci ɗaya ake sawa. Na farko don hasken ya bazu a fili mafi faɗi, na biyu don kason p da ke fuskantar madubin ne kaɗai ke juyawa. Matsin ya zama 2I cos²θ/c. A digiri 60 kashi ɗaya cikin huɗu ya rage, ba rabi ba. A zane kuma, kibiyar ƙarfin a kan madubi tana tsaye ne a kan fuskarsa duk inda hasken ya fito, amma a kan baƙin abu tana bin hanyar hasken. Masu gyaran takarda suna cire maki a kan kibiyar ko da lambar ta yi daidai, kuma suna da gaskiya.

Haɗa shi da iskar rana

Iskar rana ƙwayoyi ne masu caji, furoton da elektron, da rana ke watsowa. Matsinta kusa da duniya ƴan nanopaskal ne, ƙasa da na haske wajen sau dubu. Tauraro mai wutsiya yana da wutsiya biyu: ta ƙura, mai lanƙwasa, matsin haske ke tura ta, miƙaƙƙiyar ta gas kuma aikin iskar rana ce. Kumbon sararin samaniya mai mayafi kuwa, matsin haske ne ke tura shi, ba iskar rana ba.

Kumbon IKAROS da Japan ta harba a 2010 ya dace da atisaye, don yana haɗa kusan duk abin da ke sama. Mayafinsa mita 14 sau 14 ne, murabba'in mita 196. Da cikakken madubi ne mai fuskantar rana sak, 2 × 1361 × 196 a raba da 3 × 10⁸ zai ba da miliniyuton 1,8. Abin da aka auna miliniyuton 1,12 ne, ya faɗa tsakanin 0,9 na baƙin mayafi da 1,8 na madubi, inda ya kamata mayafi na gaske ya faɗa, tunda ba duk hasken yake mayarwa ba, ba kuma a miƙe sumul yake ba. Idan tambayar ta kai kumbon kusa da Mars, kar a ci gaba da 1361. Nisan Mars daga rana ya ninka namu sau 1,52, a raba 1361 da 1,52², a samu wajen wat 590, turawar ma ta ragu da wannan ma'auni.